Gina gidan fasaha da ɗaukar nauyinsa: bayani bisa cibiyar The Public ta garin West Bromwich a ƙasar Ingila

Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida za mu duba tarihin wata cibiyar fasaha da raya al'adu mai suna The Public, wadda aka gina a garin West Bromwich na ƙasar Ingila. Ginin ya ci fam miliyan 72, wato sama da miliyar 50 na sefa bisa canjin wancan lokaci. An buɗe shi a shekara ta 2008, aka rufe shi a shekara ta 2013, bayan shekara 5 kacal yana aiki. Mun zaɓi wannan misali ne domin dukan matakansa a bayyane suke: an san waɗanda suka kawo shawarar, an san waɗanda suka ba da kuɗi, majalisar dokoki ta yi magana a kansa, ita kanta hukumar da ta fi zuba kuɗi ta sa an binciki aikinta. Tambayoyin da za mu bi guda uku ne. Yaya ƙaramar ƙungiyar unguwa ta kai ga riƙe aiki mai girma haka? Me ya sa kuɗin suka yi ta hauhawa ba tare da wani ya ce a tsaya ba? Kuma da wane ma'auni ya kamata a auna nasara ko faɗuwar gida irin wannan?

1. Garin da ƙungiyar

West Bromwich yana arewa maso yamma da birnin Barmingam, tazarar ƴan kilomita kaɗan. Masu bin labarin ƙwallon ƙafa sun san sunan ta hanyar ƙungiyar West Bromwich Albion. Garin na cikin yankin da ake wa laƙabi da Baƙar Ƙasa, saboda hayaƙin gawayi da masana'antun ƙarfe da suka cika shi tun ƙarni na 19. A shekara ta 1974 aka haɗa shi da wasu garuruwa maƙwabta a ƙarƙashin majalisar gunduma guda mai suna Sandwell, wadda ƙidayar shekara ta 2011 ta ba ta mutum kimanin dubu 308. Da masana'antu suka soma rufewa a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, rashin aikin yi ya yi katutu, gundumar ta shiga sahun yankunan da suka fi talauci a Ingila.

A wannan shekara ta 1974 ne aka kafa ƙungiyar Jubilee Arts. Aikinta shi ne shiga unguwanni da wasan kwaikwayo, da zanen bango, da ɗaukar hoto, da buga takardu, tare da yara da samari da mazauna gidajen gwamnati. An san ta da wata babbar mota mai hawa biyu da take yawo da ita daga unguwa zuwa unguwa. Aƙidarta ita ce talaka ya ƙirƙiro abin fasaha da hannunsa. A Faransa ana bambanta hanyoyi biyu: kai wa jama'a manyan ayyukan fasaha da aka riga aka yi (démocratisation culturelle), da ba jama'a damar yin nasu (démocratie culturelle). Jubilee Arts tana bisa hanya ta biyu. Wajen shekarun 1990 ƙungiyar ta karkata ga aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma a ƙarƙashin jagorancin Sylvia King ta soma neman mazauni na dindindin. Sunan farko da aka ba aikin shi ne c/PLEX, kafin a mai da shi The Public, ma'ana jama'a.

2. Inda kuɗin suka fito

Ba za a fahimci wannan labari ba sai an san tsarin cacar ƙasa (loterie nationale) ta Birtaniya, wadda gwamnatin John Major ta ƙaddamar a watan Nuwamba na shekara ta 1994. Doka ta ware kashi 28 bisa ɗari na kuɗin tikiti domin fannoni 5: fasaha, wasannin motsa jiki, kayan tarihi, ƙungiyoyin agaji, da ayyukan bikin shekara ta 2000. Rabon fasaha a Ingila ya faɗa hannun hukumar da yau ake kira Arts Council England, wadda za mu riƙa kira Hukumar Fasaha.

A shekarun farko akwai ƙa'idoji biyu masu nauyi. Ta ɗaya, kuɗin caca na gini ne da sayen kayan aiki. Ba a biyan albashi ko wuta ko ruwa da su. An sa wannan sharaɗi ne don kada gwamnati ta fake da caca ta janye tallafinta na kullum. Daga baya an sassauta shi, amma lokacin manyan ayyuka da dama sun riga sun kama hanya. Ta biyu, mai neman tallafi sai ya kawo wani kaso daga wasu hannuwa. Sakamakon ƙa'idojin nan biyu shi ne ƙungiyar da ke neman ɗan abin da za ta riƙe ma'aikatanta ba ta da ƙofar shiga, alhali wadda ta zo da taswirar katafaren gini ana sauraron ta.

Ga aikin West Bromwich, Hukumar Fasaha ta ware fam miliyan 19 tun farko, a ƙarshe abin da ta zuba ya kai miliyan 31 da dubu 800. Sauran sun fito daga majalisar Sandwell, da hukumar raya yankin mai suna Advantage West Midlands, da asusun Tarayyar Turai na raya yankuna (FEDER), da wani shirin gwamnati na farfaɗo da unguwannin talakawa. Kowane daga cikinsu da abin da yake nema: wannan yana son fasaha ta zamani, wancan guraben aiki, wancan kuma gyaran tsakiyar gari. Don a gamsar da kowa, sai aka ɗora wa gini guda ayyuka barkatai: zauren nuni, ɗakin wasanni, ɗakunan taro, ɗakin naɗar sauti, ofisoshin haya na ƙananan kamfanoni, da wurin cin abinci.

Akwai kuma yanayin zamanin. A watan Oktoba na shekara ta 1997 aka buɗe gidan Guggenheim na birnin Bilbawo a ƙasar Sipaniya, wanda Frank Gehry ya zana, ya kuma jawo mutum sama da miliyan guda a shekararsa ta farko. Daga nan ra'ayi ya bazu a Turai cewa gini mai ban mamaki na iya tayar da garin da masana'antu suka mutu suka bari. Abin da masu kwaikwayo suka riƙa mantawa shi ne Bilbawo ta haɗa gidan da jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a shekara ta 1995, da tsabtace kogi, da sabon filin jirgin sama, ga kuma tarin kayan fasaha na gidauniyar Guggenheim da ke bayansa.

3. Ginin da yadda aikin ya gudana

An ba Will Alsop zanen ginin. Shi ne ya zana babban ofishin jihar Bouches-du-Rhône a Marseille, wanda aka gama a shekara ta 1994, kuma ya ci lambar Stirling, babbar lambar masu zanen gini ta Birtaniya, a shekara ta 2000 saboda ɗakin karatu na Peckham a Landan. A West Bromwich ya yi wani dogon akwati mai duhun launi, da tagogi masu lanƙwasa waɗanda aka zagaye da ruwan hoda. A ciki ya bar fili mai faɗi, ya rataye ɗakuna masu siffofi iri-iri, wasu suna reto daga rufi. Zauren nunin kansa doguwar hanya ce mai gangara: baƙo ya hau sama da na'urar ɗaga mutane, sa'an nan ya gangaro a ƙafa yana wasa da ayyukan fasaha na lantarki. Tsarin farko shi ne na'ura ta ɗauki bayanin baƙo tun daga ƙofa, ta riƙa gane shi a kowane zango, ta yadda abin da zai gani ya bambanta da na wani.

Ga jerin abubuwan da suka faru. A shekara ta 2004 kamfanin Alsop ya durƙushe saboda bashi, aka miƙa ragowar aikin ga wani kamfanin zane mai suna Flannery & de la Pole. A shekara ta 2006 ƙungiyar da ke da aikin ita ma ta kasa biyan bashi, aka sa ta hannun masu kula da dukiyar waɗanda suka karye, Sylvia King ta bar aikin. A watan Yuni na shekara ta 2008 aka buɗe ginin, amma zauren nunin, wanda shi ne zuciyar aikin, bai buɗe ba domin na'urorin ba su yi aiki yadda aka tsara ba. A farkon shekara ta 2009 Hukumar Fasaha ta ƙi amincewa da tsarin kuɗin zauren, ta daina tallafin shekara-shekara, ta ba majalisar Sandwell fam miliyan 3 a matsayin kason ƙarshe. Kamfanin da ke riƙe da zauren shi ma ya karye. Majalisar ta danƙa gidan ga wata sabuwar ƙungiya, Sandwell Arts Trust, wadda ta buɗe zauren a watan Agusta na shekara ta 2009. Da farko an yi niyyar karɓar kuɗin shiga, a ƙarshe aka mai da shi kyauta.

A shekara ta 2011 hukunci biyu suka fito. Kwamitin al'adu na majalisar dokokin Birtaniya ya kira aikin mummunar ɓarnar dukiyar jama'a. A watan Nuwamba kuma Hukumar Fasaha ta wallafa rahoton Anthony Blackstock, wanda ita da kanta ta sa ya bincike ta. Rahoton ya nuna hukumar ta yarda ta biya kuɗin ginin da bai dace da aikin da aka nufe shi da shi ba, kuma ta ga alamun haɗari tun da wuri ba ta ja da baya ba.

4. Dalilan hauhawar kuɗin

4.1. Girman aiki da ƙarfin mai aiki

Iya shirya wasa da yara a unguwa sana'a ce, kula da kwangilar gini ta miliyoyi wata sana'a ce dabam. Ƙungiyar da kasafinta na shekara ƙarami ne ba ta da ajiyar da za ta toshe giɓi idan farashi ya tashi ko ɗan kwangila ya makara. Duk tuntuɓen da aka yi, sai ta koma wurin masu tallafi. Da yake masu tallafin suna da yawa, babu guda da ke jin shi ne mai gida. Kowa yana ganin kasancewar sauran a matsayin shaida cewa aikin lafiya yake.

4.2. Sabo bisa sabo

An haɗa sabon abu uku a lokaci guda: siffar gini da ba a saba yi ba, na'urorin da ba a taɓa gwadawa da taron jama'a ba, da nau'in gidan fasaha wanda ba shi da na gaba da za a koya daga gare shi. Baitulmalin Birtaniya ya san wannan matsala. A cikin ƙa'idojin da ya fitar a shekara ta 2003 game da kyakkyawan zaton da ya wuce kima wajen ƙiyasta kuɗin ayyuka, ya ba da shawarar a ƙara har kashi 24 bisa ɗari a kan ƙiyasin farko na gini na yau da kullum, kashi 51 bisa ɗari ga gini na musamman, kashi 200 bisa ɗari ga ƙera sabbin na'urori da manhajojinsu. The Public ya faɗa cikin rukuni biyu na ƙarshe gaba ɗaya. Banda haka, ita na'ura tana tsufa da sauri. Abin da ya burge mutane a kan takarda wajen shekara ta 2000 ya iske su a shekara ta 2009 suna ɗauke da wayoyin hannu masu yin irinsa.

4.3. Tarkon kuɗin da aka riga aka kashe

Masana tattalin arziki suna koyar da cewa kuɗin da suka riga suka tafi (coûts irrécupérables) bai kamata su shiga lissafin shawarar gaba ba. Abin dubawa shi ne abin da za a ƙara da abin da za a samu. Wasu na kiran saɓa wa wannan ƙa'ida kuskuren Concorde, saboda jirgin saman da Faransa da Birtaniya suka ci gaba da biya bayan sun san ba zai mai da kuɗinsa ba. Sai dai mai mulki ba ya lissafi irin na littafi. A shekara ta 2006 gangar jikin ginin tana tsaye a tsakiyar gari. Barin sa kango abin kunya ne da kowa zai gani kullum, kuma yana iya jawo masu tallafi su nemi a mayar musu da kuɗinsu. Ƙarasa shi kuwa na bukatar ƙarin miliyoyi. Gaba kura, baya sayaki. A irin wannan hali ƙari kaɗan-kaɗan ya fi sauƙin karewa a gaban jama'a bisa ga tsayawa, shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a ce a'a shi ne kafin a zuba harsashi.

4.4. Kuɗin gini da kuɗin tafiyarwa

Wannan shi ne babban dalili a ganinmu. Kuɗin gini (investissement) sau ɗaya ake biya, kuɗin tafiyarwa (fonctionnement) kuwa duk shekara ne. Masu nazarin ayyukan raya ƙasa a Sahel sun san batun da sunan charges récurrentes tun farkon shekarun 1980: mai tallafi ya gina, ya tafi, ya bar wa mai gida albashi da gyara. Haka ta faru a ƙasa mai arziki. Hannuwa biyar suka gina, hannu ɗaya aka bari da riƙo. Kafin rufewa majalisar Sandwell tana ba gidan kimanin fam dubu 30 a kowane mako, wato sama da fam miliyan ɗaya da rabi a shekara. Idan aka gwada da miliyan 72, wannan bai wuce kashi 2 da ɗan ɗori bisa ɗari ba. Amma daga aljihun da ake kula da tsofaffi, da marayu, da ɗakunan karatu, da kwashe shara yake fitowa. Tun shekara ta 1966 William Baumol da William Bowen suka nuna cewa gidajen wasanni ba sa iya rage ma'aikata yadda masana'anta ke yi da injuna, don haka tsadarsu ƙaruwa take yi. Sa'an nan daga shekara ta 2010 gwamnatin David Cameron ta zaftare kuɗin da take ba majalisun gundumomi, aka kuma rushe Advantage West Midlands a shekara ta 2012.

5. Rufewa da muhawarar da ta biyo baya

A shekara ta 2013 majalisar Sandwell, ƙarƙashin shugabanta Darren Cooper na jam'iyyar Leba, ta yanke shawarar ba kwalejin Sandwell ginin domin ya zama makarantar ɗalibai masu shekara 16 zuwa 18, kwatankwacin ajujuwan ƙarshe na lise. Aka rufe cibiyar a watan Nuwamba, aka sake fasalin cikinta, makarantar ta buɗe a shekara ta 2014.

Masu suka, waɗanda suka daɗe suna kiran ginin giwa mai ruwan hoda (suna wasa da kalmar éléphant blanc), sun ce gaskiya ta yi halinta. Hujjarsu ita ce da an raba ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ga ƙungiyoyin unguwanni, da an yi aikin shekaru masu yawa, kuma ba mazauna garin ne suka roƙi gini irin wannan ba.

Masu goyon baya suna da tasu hujja, kuma ba ta da rauni. Masu tafiyar da gidan sun bayyana cewa an shiga shi sau dubu 380 a shekarar kuɗi ta 2012-2013, adadin da ke hawa shekara bayan shekara. Kuma wannan farin jini ya samu ne ta hanyar abubuwa masu sauƙi: raye-rayen tsofaffi da rana, wasan barkwanci, kiɗa, nunin hotunan mutanen gari, tarurrukan ƙungiyoyi. Idan muka raba tallafin shekara da yawan shiga, kowace shiga ta tashi wajen fam 4, abin da ba shi da yawa ga gidan al'adu a Turai. Ga shi kuma a watan Yuli na shekara ta 2013 aka buɗe babbar kasuwar zamani ta New Square a gefensa, wadda za ta ƙaro masu wucewa. A wurinsu an yanka saniya ne daidai lokacin da ta soma ba da nono.

Lissafin ɓangarorin biyu yana bukatar taka-tsantsan. Yawan shiga ba yawan mutane ba ne: wanda ya zo shan shayi sau hamsin an ƙirga shi sau hamsin. A ɗaya gefen kuma, miliyan 72 ba hujjar rufewa ba ce a shekara ta 2013, tun da rufewa ba ta dawo da ko fam guda. Ƙa'idar da muka kawo a 4.3 tana aiki ta fuska biyu. Abin lura shi ne ɓangarorin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Masu suka suna magana bisa ko ya dace a gina, masu goyon baya bisa ko ya dace a rufe. Mutum na iya cewa a'a ga dukansu biyu ba tare da ya saɓa wa kansa ba.

6. Kwatanci da wasu gidaje

Misalai uku za su taimaka. A Sheffield an buɗe cibiyar kiɗan zamani ta ƙasa a shekara ta 1999 bisa fam miliyan 15, ana sa ran baƙi dubu 400 a shekara. Ba su zo ba, aka rufe ta a shekara ta 2000, ginin ya koma gidan ƙungiyar ɗaliban jami'ar Sheffield Hallam. Ita ma ta dogara ne da na'urorin wasa da kuma ƙiyasin baƙi mai yawan fata.

A Walsall, maƙwabciyar West Bromwich, an buɗe sabon gidan zane a shekara ta 2000 bisa fam miliyan 21, mafi yawansu daga caca. Bambancin shi ne akwai abin nunawa kafin a yi ginin: tarin zane da sassaƙa da Kathleen Garman, matar masassaƙi Jacob Epstein, ta ba garin a shekara ta 1973. An san aikin gidan, aka ɗinka masa riga daidai jikinsa. Duk da haka a shekara ta 2016 shi ma ya fuskanci barazanar yanke tallafi daga majalisar garinsa, abin da ke nuna matsalar tafiyarwa ba ta ƙyale ko wanda ya yi nasara.

A Faransa, gidajen al'adu (maisons de la culture) na André Malraux, waɗanda na farkonsu ya buɗe a Le Havre a shekara ta 1961, an tsara su bisa raba nauyi rabi da rabi tsakanin gwamnatin tsakiya da ma'aikatar magajin gari. Wannan bai hana rikici ba: a Caen da Saint-Étienne magadan gari sun yi saɓani da daraktoci kan irin wasannin da za a nuna, har gidajen suka koma hannun gari. Amma tsarin ya amsa tun farko tambayar da aka bari a buɗe a West Bromwich, wato wa zai biya bayan bikin buɗewa.

Kammalawa

Bayanin da muka kawo ya nuna cewa abin da ya faru a West Bromwich ya samo asali ne daga tsari fiye da halin mutum ɗaya: dokar tallafi mai fifita gini, masu tallafi da yawa ba mai gida guda, sabbin abubuwa da aka jibga bisa juna, da nauyin tafiyarwa da ya sauka kan mafi ƙarancin ƙarfi. Daga nan muna ba masu nazarin ayyukan al'adu shawarar tambayoyi huɗu da za a yi wa kowane aiki tun yana kan takarda. Mene ne za a yi a cikin gidan ranar Talata da safe, ba ranar biki ba? Wa ya sa hannu cewa zai biya albashi, da wuta, da gyara na shekara 10? Idan rabin baƙin da aka ƙiyasta ne suka zo, gidan zai rayu? Kuma a wane mataki ne, kuma wa ke da ikon cewa a dakata?

Will Alsop ya rasu a shekara ta 2018. Ginin nasa bai rushe ba, ya zama makaranta. Aikin da Jubilee Arts ta soma kuwa ya ci gaba a hannun wata ƙaramar ƙungiya da ta fito daga cikinta, mai suna Multistory, wadda ta koma ga ɗaukar hoto da tattara labaran mutanen Sandwell, kusan irin aikin da aka faro da shi a shekara ta 1974.